Harshen Doña Eduviges

Kafin teku ta fara cika, Doña Eduviges Maradiaga ta riga ta isa ramukan gishirin ƙauyenmu, ba takalmi, wainar masararta ƙunshe a tsumma. Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana haka. Ta tsoma yatsa a ruwa ta ɗanɗana, ta duƙa ta leƙa ƙasan rami, sannan ta ce a ɗaga katakon ƙofar ruwa ko a bar shi. Ban taɓa ganin matar nan a zaune ba.

Abin da take gadi gansakuka ce mai kauri da ke shimfiɗe a ƙasan ramin, muna ce mata fata. Ita ke hana ruwa tsiyayewa. Ita ce kuma abincin dodon koɗi, sai dai ba ya jure ruwan da gishiri ya yi wa yawa.

Shekarar da damina ta zarce, Nicanor, shugaban ƙungiyarmu ta masu gishiri, ya buɗe ƙofa ba shawara, wai ramuka su cika da wuri. Ruwa ya yi salam, dodon koɗi suka shigo dubbai. Cikin sati biyu sun kiwace fatar rami uku, ruwa ya zurare muna kallo.

"Nicanor, shanu ka sakar mini a gona?" in ji ta.

"Haba Iya, 'yan mitsil-mitsil ɗin nan?"

"Kai ma da mitsil ka fara, dubi tumbinka!"

Ya ce a zuba magani. Ta tsaya a ƙofar ta ce sai dai a bi ta kanta, don dodon koɗin ne ke share mana magudanar da ke kawo ruwa. Ta rufe ƙofa, ta bar rana ta dafa ruwan har gishiri ya kore su. Rami tara suka tsira.

Iya, ke ce harshen ƙauyen nan, mun gode. Amma wallahi hankalina a tashe yake. Likita ya hana ki gishiri saboda hawan jini, ko lasa, mu kuwa ba wanda ya koya. Jama'a, ku fito tun tana iya nunawa!

Jiya na je da kaina. Ta tsoma yatsana a ruwa ta ce, "Ɗanɗana ka faɗa mini."

Na lasa, na ce, "Da gishiri."

Ba ta yi dariya ba. Ta juya ta dubi teku, ga ta nan tana cikowa.

"Sake," in ji ta.