Mushen da ya karɓi hauyata

Duk abin da zan manta a duniya, ban da daminar da sunana ya fito cikin waɗanda gwamnati ta bai wa bursu, tallafin nan na karatu a ƙasar waje. Ina gonarmu a wani ƙauye kusa da Bande, ana tsakiyar noman farko, sai ga mushe, wato malamin da ya koya mana lissafi a lise, makarantar sakandare ta Magariya. Ruwa ya cika kwari, don haka ya bar babur ɗinsa a ƙetare ya tako da ƙafa, wando duk taɓo.

"Ajiye hauyar nan," ya ce da ni yana haki. "Maroko za ka, karatun likita. Amma dole jibi takardunka su isa Yamai."

Murnata ba ta je ko'ina ba. A shekarar ciwon ƙafa ya zaunar da mahaifina, ni kaɗai ne namiji a ɗiyansa. Yana zaune gindin gawo ya gama saurare, sannan ya ce, "Mushe, na gode. To in ya tafi, wa zai noma hatsin nan? Takarda za mu ci?"

A ranar na ji haushinsa. Yau da nake da iyali na san gaskiya ya faɗa.

Mushe bai yi masa gardama ba. Hauyar ya karɓa a hannuna ya ce, "Baba, nuna mini inda ya tsaya." Mahaifina ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Mutumin nan bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen gona ya dawo.

"Hutu muke yi har kaka," in ji shi. "Ni ma ɗan manomi ne. Ka ba ni gonar, ka ba ƙasa yaron."

Tsoho ya juyo gare ni. "Je ka haɗa takardunka. Allah ya yi maka albarka."

Ina can ƙanwata ta shaida mini ta waya cewa kwana uku Mushe yake zuwa gonar kowane mako, har aka yi girbi. Da aka aika masa damman hatsi a amalanke, mayar da su ya yi.

Gwamnati ta ɗauki nauyin karatuna, ina kuma gode mata. Amma tun ranar na gane cewa wanda yake son ka ci gaba ba albishir kawai yake kawo maka ba. Abin da ya riƙe ka yake dubawa, ya ɗauke maka shi.