Kishin Sada da Ikrima Maiturare

Duk wanda ya taɓa shiga karar Mai'adua ranar kasuwa ya san muryar Sada, ko da bai san fuskarsa ba. Dillalin raguna ne tun gemunsa bai fito ba, yanzu kuwa ya ba sittin da biyar baya. Idan ya daka tsawa ya ce "Albarka!" sai an ji a Nijar. Ɗan gwaggona ne, shi ɗan mace ni ɗan namiji, saboda haka bawana ne, kuma duk abin da na faɗa a kansa ba shi da kotun da zai kai ni.

A Sandamu aka haife shi. Ungozoma ta rantse ba da kuka ya faɗo duniya ba, da faɗa ya faɗo. A makarantar allo ya yi izu biyu, ya ce sauran a bar wa masu haƙuri. Ya yi aure sau biyu, matan duka suka tattara kwanukansu suka gudu saboda kunnuwansu. Sai Allah ya haɗa shi da Barakatu, wata bazawara daga Dutsi, wadda mijinta Ikrima Maiturare ya rasu bayan sun yi shekara shida tare.

Barakatu ce maganinsa. In ya fara zuba ruwan bala'i ba ta tankawa, sai ta ci gaba da tankaɗenta. In numfashinsa ya ƙare ta ɗago kai ta ce, "Ka gama, Malam? To ga fura." Haka suka yi shekara ashirin da takwas. Bara, bayan an yanke gero, ta kwanta ciwon kwana uku, ta cika.

Mun zaci Sada zai haukace, sai ya ba mu kunya. A wurin zaman makoki shi ke ba mutane haƙuri. "Gaba kawai ta yi," in ji shi, "ta je ta share mana ɗaki." Daga nan ba shi da hira sai ta Aljanna. Ya tsara komai: ga inuwa, ga kogin nono yana wucewa ta ƙofar gida, ga Barakatu ta miƙa ƙwarya ta ɗebo ta dama masa. Har garken raguna ya yanka wa kansa a can, waɗanda ba sa zawo.

Ana nan azumi ya kama. Wata rana da la'asar a wurin tafsiri wani ya aika da tambaya a takarda: macen da ta auri maza biyu a duniya, ta wa ce a Aljanna? Malam Abdulbaƙi limamin unguwa ya gyara tabarau ya ce malamai sun saɓa. Wasu sun ce ta mijin ƙarshe ce. Sada ya gyara zama, ya dube ni yana murmushi. Wasu kuma, in ji Malam, sun ce za a ba ta zaɓi, ta ɗauki wanda ya fi kyawun hali.

Wallahi na ji ƙarar faɗuwar gabansa daga sahu na uku.

"Allah gafarta Malam, maimaita ta biyun!"

Malam ya maimaita. Na matsa kusa na raɗa masa, "Bawana, ka shiga uku. An ce Maiturare ko ƙuda ya sauka a hancinsa sai ya yi masa sannu da zuwa. Shi ƙamshi, kai warin bunsuru."

Bayan salla da kwana biyu Sada ya buga tsohon babur ɗinsa ya shiga neman fatawa. Malamin Mashi ya ce ta na ƙarshe ce, Sada ya dawo yana oda tun daga bakin gari. Na Dutsi ya ce zaɓi ne, ya dawo yana tura babur ko tayar da shi ya kasa. Ɗaya da ɗaya ke nan. Sai ya nufi cikin birnin Daura wurin Malam Abdulmuhaimin, tsoho mai littattafai har rufin ɗaki, don a raba gardama.

Malam ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "Kwantar da hankalinka, Malam Sada. A Aljanna ana wanke zuciya. Babu kishi, babu ƙyashi. Ko wa ta zaɓa, ba za ka ji zafi ba."

Sada ya cire hularsa ya jujjuya ta a hannu. Can ya ce, "Allah gafarta Malam, in an cire mini kishin Barakatu, to wa ya shiga Aljannar? Ai ba ni ba ne. Wani ne aka ɗora wa hulata."

"Yi istigfari."

Ya yi. Amma maganar ta biyo shi gida. Kwana uku bai leƙa kara ba. Na same shi zaune a ƙofar ɗakinta, ya tasa ƙwaryarta da ludayinta a gaba. Bai zage ni ba, nan na san abin ya yi tsanani. Ya ce, "Anya ma za a gane juna a can? In ta wuce ni ban ji komai ba fa?" Sai na zauna kusa da shi.

Rana ta huɗu ya fito da sabuwar dabara: tun da hali ake dubawa, zai ƙwace kambun daga hannun mamaci. Ya sayi turare kwalba uku ya juye a riga ɗaya. Ya mayar da murya ƙasa har sai ka kanga kunne. A kara wani rago ya tunkuye shi ya faɗi warwas, ya tashi ya kaɗe riga ya ce wa ragon, "Sannu, ba ka ji ciwo ba?" 'Yan uwansa dillalai suka fara shawarar kai shi asibiti.

Sati uku ya yi a haka, ya rame kamar kazar mayu. Da ya ga ba zai ɗore ba sai ya canja hanya: in shi ba zai hau ba, a sauko da Ikrima. Ya tafi Dutsi wurin Haulatu, yayar Barakatu, tsohuwa mai haƙori biyu da dariyar mutum goma. Ni ma na ɗare bayan babur, don irin wannan kallo ba a ba ka labari.

"Yaya Haulatu, tsakaninki da Allah, Ikrima bai taɓa ɗaga mata murya ba?"

"Ko ga kaza bai ɗaga ba."

"Rowa fa?"

"Rigarsa yake tuɓewa ya bayar."

"To minshari?"

"Ko minshari, Sada. Kamar jariri yake barci."

Ya share gumi. Haulatu ta dube shi ta ce, "Wai kai furar nan da Barakatu ke fitarwa sadaka duk Juma'a, kana tsammanin ta wa ce? Ta Ikrima ce. Bai bar ɗa ba, ba shi da mai yi masa."

"Da gerona?"

"Da na wa?"

"Shekara ashirin da takwas? Gerona na rumbuna nake ciyar da Maiturare a kabari?"

Jama'a, murya ta dawo! Kaji suka haura katanga, wata akuya ta tsinke igiya, an ce ladanin Dutsi ya leƙo ya ga wa ke son ƙwace masa aiki. Haulatu kuwa ta kwanta a tabarma tana dariya har da hawaye.

"Yawwa, ga Sadan da na sani! Haka Barakatu take zuwa nan ta ɗora murfin kwano a ka a madadin hularka, ta kwaikwayi faɗanka, mu yi ta birgima. Shekara shida ta yi da Ikrima, ko labari ɗaya ba ta taɓa kawo mana ba."

Sada ya matsa kusa da ita. "To wa za ta zaɓa?"

"Ni na taɓa zuwa? Kai dai samu ka shiga tukuna, kana rigimar ɗaki ba ka ga ƙofar gida ba." Ta goge ido da bakin zane. "Abin da na sani, tun da ta kwanta dama ba wanda ya fitar wa bawan Allahn nan ko ludayi ɗaya. In kun haɗu, shi za ta fara tambayarka."

A hanyar dawowa sai gudu kawai yake, har hulata ta tafi ban ce a tsaya ba.

Yau wata bakwai ke nan, duk Juma'a in an sallame za ka tarar da Sada a ƙofar masallaci da ƙwaryar Barakatu, yana raba furar sadakar Ikrima. Shi ke damawa da hannunsa, gudajinta kamar tsakuwa, kuma wanda ya ƙi sha ya sha zagi. Ya daina turare, ya koma kara da muryarsa cikakkiya, hirar kogin nono ma ta dawo. Malam Abdulbaƙi ya kurɓa rannan ya ce masa wannan ai shi ne kyawun hali. Sada ya ce a'a, dabara ce.

In ƙwarya ta ƙare sai ya ɗaga hannu, yadda za a ji har bakin titi: "Allah ka jiƙan Barakatu. Allah ka jiƙan Ikrima, ka kai shi can sama ƙololuwa, ka ba shi matan Aljanna saba'in, kowace ta fi wata, ya rasa lokacin waiwaye. Barakatu kuwa, ya Allah, ka bar mini kayata."

Duk masallaci sai a amsa da amin, ni ma har da ni.