Yadda Na Kai Inna Gwajin Suga

Ni aka fara samu da ciwon suga. Tun da na bar noma na kama aikin gwamnati a Anka zama ya yi mini yawa, tumbi ya fito, ko masallaci sai a kan babur. Da ƙishirwa da yawan fitsari suka ishe ni, sai na tafi asibiti. Likita ya ce jikina yana yin insulin, wato sinadarin da ke kai suga inda za a yi aiki da shi, amma ƙiba da rashin motsi sun sa jikin ya daina jin maganarsa, shi ya sa sugan ke taruwa a jini. Ya ce abin yana bin dangi, in akwai tsofaffi a gida a kawo su a duba.

Inna tana Nasarawa Burkullu, ita ke surfenta, ita ke zuwa gonarta. Da na kai mata maganar ta ce lafiyarta lau. Na yi ta naci har ta gaji ta hau bayan babur ɗina.

Gwaji ya nuna sugan nata ya fi nawa hawa. Aka ɗora ta a kan metformin, ƙwayar da ke rage sugan da hanta ke zubowa, aka ce ta sha tare da abinci, ta rage tuwo da fura, ta yawaita wake da zogale. Maganin ya ɓata mata ciki, ga tashin zuciya, ta ce bakinta kamar ta lashi ƙarfe. Da cikin ya lafa, sugan bai sauka sosai ba, sai aka ƙara mata wata ƙaramar ƙwaya mai sa jiki ya ƙara fitar da insulin, aka gargaɗe mu kada ta sha ta zauna da yunwa.

Da kaka, wata safiya ta sha ƙwayar ta wuce roron wake ba ta karya ba. Gumi ya keto mata, jiki ya ɗauki rawa, ta zube a bakin gona. Wata Bafulatana mai tallar nono ce ta tarar da ita, ta ba ta nono da suga har ta dawo hayyacinta.

Da na iso tana kwance a tabarma. Ta dube ni ta ce:

“Kahin ka kai ni asibiti, ka taɓa jin na hwaɗi?”

Na ce, “Inna, ciwon yana nan, ba ki dai sani ba.”

Ta ce rashin sanin bai taɓa hana ta barci ba.

Likita ya cire ƙaramar ƙwayar, ya daidaita ɗayar. Yanzu sugan ya zauna, likitan ya ce kama shi da wuri ne ya tsare mata ido da ƙafa. Na yarda da shi, amma zuciyata ba ta huta ba. Inna ta daina fita gona ita kaɗai. Kwanan baya ta kira ni a waya ina ofis, muryarta ƙasa-ƙasa.

“An kawo masa daga gidan suna. In ci?”

Matar da ta yaye ni ce ke neman izinina. Na ce ta ci kaɗan. Ta yi mini godiya.