Taɓaryar Yaya Habu

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Habu, kuma har yau in na ga hadari ya haɗo daga wajen teku, shi nake fara tunawa.

Habu ɗan dako ne, mai loda wa kamiyo, wato manyan motoci, kaya. Tun da ƙasa ta koma zaɓe masu neman ƙuri'a ke shigowa unguwarmu ta Zongo suna mana alkawarin kwata, don duk damina ruwa na shiga mana ɗakuna. Habu bai taɓa jiran su ba. Damina na ƙaratowa zai zo da bulo, ya ɗora komai a kai: firiza, akwatuna, da tsohon gadon ƙarfen Inna. Ƙato guda, amma ban taɓa ganin ya rungumi kaya ya ɗaga ba. Taɓaryar Inna yake ɗaukowa, ya cusa bakinta ƙarƙashin gado, ya tokare ta da dutse, ya danna ɗaya gefen a hankali, ni kuma in tura bulo. Daga wannan ƙafa sai ta kusa da ita, har a zagayo. In na yi garaje ya ce, "Rabi, baya guda Allah ya ba ki, ko a gwanjon kasuwar Misebo ba a sayar da wani."

Da yana nan, da samarin yanzu sun sha tsiya. Bara suka kinkimi firizarmu gaba ɗaya, wai su masu ƙarfi. Ɗayansu har yau a karkace yake tafiya.

Ni ba firiza ce damuwata ba, Inna ce. Ta daina tashi, ƙashinta ya yi rauni, likita ya hana a riƙa ɗaukarta. Ƙanena ya yi gini a kan tudu a Kalabi, ta ce ba ta barin ɗakin da ta haifi Habu. Makon jiya ruwa ya shigo har ya kusa taɓa katifa, alhali damina ba ta ma kankama ba. Dole a ɗaga gadon tana kai.

Na ɗauko taɓaryar, ina sane cewa in ta zame, da Inna gadon zai faɗo. Maƙwabciyata Hajiya Bintu ta durƙusa da bulo tana cewa, "Rabi, anya kuwa?" Na yi bismilla na danna. Gadon ya yi ƙara, ya tashi. Haka muka bi ƙafafun, zufa na zubo mini, har muka gama.

Habu bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Dabarar nan ya bari, kuma ban sani ba ko za ta ishe mu bana in ruwan ya ƙaru. Tsoron yana nan.

Ina jingine taɓaryar sai Inna, wadda yanzu sunayenmu ke ɓace mata, ta ce ba tare da ta buɗe ido ba, "Sannu Habu, ko girgiza ban ji ba. Allah ya yi maka albarka."

Ban gyara mata ba. Na ce, "Amin, Inna."