Ranar da Manaja Ya Riƙe Ƙyalle

Ƙanena mai gyaran esi ne, kuma ni na raine shi bayan rasuwar innarmu, don haka wanda ya taɓa shi ni ya taɓa. Shekara ashirin da biyu ya yi a wani otal mai hawa uku yana kula da na'urorin sanyaya ɗakuna. Farin Ƙyalle ma'aikatan suke ce masa, don ba ya fita aiki sai da ƙyalle fari fat a aljihun baya. Ba shi da yawan magana, sai ka yi masa tambaya uku ya amsa ɗaya. Matarsa takan ce da zai kula da ita rabin yadda yake kula da bututu, da babu macen da ta kai ta morewa.

Ana nan sai otal ya sayo sababbin esi masu aiki da sabon gas. Bututun jan ƙarfe na tsofaffin kuwa a cikin bango suke binne. Manaja, wani sabon zuwa mai son a gan shi, ya ce a jona sababbin a kansu kawai. Ƙanena ya ce ana iya amfani da su, amma sai an wanke cikinsu, domin tsohon man da ya kwanta a ciki ba ya ga maciji da man sabuwar na'ura. Na hawa na uku kuma sirara ne, ba za su ɗauki ƙarfin sabon gas ba, sai dai a cire su.

A gaban ma'aikata, a tsakar gidan da ke bayan kicin, manaja ya yi dariya ya ce, "Mun san irinku. Jan ƙarfen kake so ka kwashe ka sayar." Ya sa maigadi ya zazzage masa jakar kayan aiki a ƙasa, sannan ya sallame shi.

Ba korar ce ta yi mini ciwo ba, sunan ɓarawo ne. Gidajen da ya yi shekaru yana yi wa gyara suka daina kiransa. Wata da ta kira shi ma, ɗaki ɗaki ta riƙa bin sa tana kallon hannunsa. Na ɗauki mayafi zan je in ci wa manajan nan mutunci, ƙanena ya tare ƙofa ya ce, "Yaya, ki bari. Bututun zai yi magana." Na bari, amma wallahi duk ranar da na wuce ta gaban otal ɗin sai na yi Allah ya isa.

Wani ɗan kwangila ya jona komai cikin kwana huɗu, babu wanki babu gwaji. Da zafi ya kankama, injinan esin suka fara ƙonewa ɗaya bayan ɗaya, wani bututun hawa na uku ya fashe a cikin bango, baƙi suka riƙa kwashe jakunkunansu. Mai otal ya ce a nemo wanda ya san inda kowane bututu ya bi. Mutum ɗaya ne a duniya ya sani.

Ina gidan ƙanena sai ga manaja ya zo, murya ƙasa-ƙasa, har da tambayar lafiyar yara. Ko kujera ban ba shi ba. Ƙanena ya ce zai yi aikin, amma wankin bututu aikin mutum biyu ne: ɗaya ya tura maganin wanki da iska ta wannan bakin, ɗaya ya tare wancan bakin da farin ƙyalle har abin da ke fitowa ya zama tas. Sharaɗinsa shi ne, manaja ne zai riƙe ƙyallen, kuma duk wanda ya ga korar sai ya ga wankin.

Ranar na ci ado na tafi. Manaja ya durƙusa da farar rigarsa, ƙanena ya buɗe iska, sai ga wani baƙin mai mai wari ya feso, ya cika ƙyallen, ya wanke masa hannu da ƙirji. Masu shara suka sunkuyar da kai suna danne dariya, ni kuwa ban danne tawa ba. Ɗaki ashirin da huɗu manaja ya bi yana durƙusawa, kwana uku cur.

Da aka gama, ƙanena ya nannaɗe siraran bututun da ya ciro daga hawa na uku, ya ajiye su a tsakar gidan nan, ya ɗora baƙaƙen ƙyallayen a kai.

"Yallaɓai, ga kayanka. Faɗa musu abin da na sata."

Manaja ya ce ƙanena bai saci komai ba. Na ce ni kunnena ya tsufa, ban ji ba. Ya maimaita da ƙarfi, har masu wanke-wanke suka leƙo.

Mai otal ya roƙi ƙanena ya dawo bakin aikinsa, ya ce a'a, ya gode. A bakin ƙofa ya tsaya ya miƙa wa maigadi jakarsa. Maigadin ya kau da kai, ya ce don Allah ya wuce. Ƙanena ya ce ba inda za shi sai an bincika, kuma a kira manaja ya tsaya ya gani.