Curin Jar Ƙasa

Ban taɓa jin sunan wasan sofbol ba sai ranar da 'yata ta fari ta dawo daga makaranta da takarda, wai in sa hannu. Lokacin ba mu daɗe da komawa McLeansville ba, wani ƙaramin gari a ƙasar Turawa, ita kuma shekararta tara. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Mamana nake kiranta ko da faɗa zan yi mata. Na sa hannu ban karanta ba, na ɗauka irin guje-gujen nan ne da yara ke yi mako biyu su manta. Sai ga ni duk Asabar a bakin fili, ina kallon wasan da ban san kansa ba balle gindinsa.

A hankali na gane yadda yake. Yarinya ɗaya ce ke jefa ƙwallo, wata daga ɗaya ɓangaren ta tsaya da sanda tana neman dukansa. A bayan mai sandar akwai wadda ke tsugune, sanye da hular kwano mai raga da sulke a ƙirji da ƙatuwar safar hannu ta fata. Duk ƙwallon da sanda ta kuskure, ita za ta cafe. In ya kuɓuce mata, abokan karawa su zuba a guje su ci maki. Wannan tsugunon Mamana ta zaɓa. Na tambaye ta, duk faɗin filin nan ba ta ga wurin tsayawa ba sai inda ake jifan mutum? Ta ce daga nan ake ganin kowa.

Shekara huɗu tana yi lafiya lau, har na fara hura hanci a cikin iyaye. Da ta cika sha uku aka ɗaga su ajin manya, aka haɗa ta da sabuwar mai jifa, wata doguwar yarinya daga garin Pleasant Garden da ke kusa da mu. Yarinyar nan in ta wulwula hannu ta saki ƙwallo, sai dai ka ji ƙara. A wasansu na farko ƙwallon ya sami Mamana a babban yatsa, ya kumbura sumtum. Yatsan ya warke cikin mako ɗaya, amma daga nan duk jifan da aka yi sai ta runtse ido, ta kau da kai, ta kai hannu da ƙarfi inda take zaton ƙwallon yake. Wata Asabar sai da ya wuce ta sau biyar. Kociyarsu, wata mata mai kirki, ta ce za ta mai da ita can ƙarshen fili ta ɗan huta. Da muka dawo gida Mamana ta jefa jakar kayanta a gareji. Na ji tana gaya wa uwarta cewa ita ce ke jawo wa ƙungiyar faɗuwa, kuma ta gama da tsugunon nan.

Nawa laifin ba ƙarami ba ne. Ni ne na riƙa miƙewa a cikin jama'a ina daka tsawa da Hausa cewa ta buɗe idonta, wai a tunanina ba mai ji. Ba su jin Hausa, amma kowa ya san faɗa in ya ji shi. A gida kuma na ɗauko ƙwallo na riƙa ɗirka mata da ƙarfi, wai in cire mata tsoro. Uwarta ta leƙo ta tagar kicin ta kalle mu, da yarinyar ta shige ɗaki sai ta kira ni.

"Malam," in ji ta, "da can ƙwallo kawai take tsoro. Yanzu ka ƙara mata da kanka."

Na ji haushi ƙwarai, don na san gaskiya ta faɗa.

Bayan kwana biyu aka yi ruwa, ta sa ni haƙa mata wurin shuka yakuwa da kuɓewa a filin da ke bayan gidanmu. Ƙasar wajen nan ja ce, mai danƙo, tana kama shebur ta ƙi saki. Na sa hannu in ɓamɓare ta, sai na ga na cura ta a tafin hannuna ban sani ba. Nan take Zariya ta faɗo mini a rai. Mahaifina magini ne, Allah ya ji ƙansa. Ina ɗan shekara sha bakwai ya fara ɗora ni kan katanga, leburori a ƙasa suna jefo tubali da curin kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ni ina cafewa ina jerawa. Ranar farko duk curin da aka jefo sai in kai masa wawura, ya fashe mini a fuska, in runtse ido, na gaba ya same ni a ƙirji. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce in daina kallon ƙasar, in kalli hannun mai jefowa. Ya ce kada in je tarye, in bari ta iso, in ja hannu baya kaɗan kamar wanda aka miƙo wa jariri. Na tsaya a cikin lambun nan ina jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kewar mahaifina ta kama ni sosai. Bai ga Mamana ba, ya rasu tana ciki.

Na cura guda goma na jera a kan katako, na kira ta. Na ce ba sofbol za mu yi ba, ba safar hannu, ba hula. Ta kalli curin ta yatsina fuska, ta ce da Turanci wannan ai ƙazanta ce. Na ce kakanta da wannan ƙazantar ya ciyar da mu goma sha ɗaya. Na jefa mata na farko a hankali, ta kai masa wawura, ya fashe ya wanke mata riga har wuya. Ta tsaya tana kallon kanta, sai ta tuntsire da dariya. Rabona da jin dariyarta ya kai mako uku.

Laka ba ta ɓoye laifi. In ka taro ta da ƙarfi ta fashe, in ka karɓe ta da laushi ta zauna a hannunka. Ban sake buƙatar yin faɗa ba, rigarta kawai take kallo ta san abin da ta yi. Kullum in na taso aiki, tsakanin la'asar da magariba, muna can. Na gaya mata abin da Baba ya gaya mini, ban ƙara ko kalma ba. Da curin ya daina fashewa sai na matso kusa don lokaci ya yi mata kaɗan, daga baya muka koma ƙwallon gaske da safar hannu. Uwarta ta yi ta mita a kan wanki, don jar ƙasar nan ba ta fita daga tufafi. Maƙwabcinmu, wani tsoho da ba ya rabo da injin yankan ciyawa, ya taɓa tsayawa ya tambaye ni ko wasan ƙasarmu ne. Na ce masa a'a, gini muke yi.

Yanzu Mamana tana jami'a a wata jiha, sai mu yi mako ba mu yi waya ba. Ba na jin akwai lokacin da na fi kewa a duk zamana a ƙasar nan kamar waɗancan yammacin, ni da ita, hannu duk laka, ana kiranmu cin tuwo muna cewa saura ɗaya.

Sai dai ko a wancan lokacin jifana na tsoho ne, kafaɗata ba ta kai gudun waccan yarinyar ba. Na cire girman kai na kira babanta, muka je gidansu wata Lahadi. Can ne mai jifar ta faɗi abin da ba mu sani ba, wai tun ranar yatsan take rage ƙarfin hannunta don tausayi, shi ya sa ita ma jifanta ya lalace. Na ga fuskar Mamana ta canza, abin ya sosa mata rai fiye da duk tsawar da na yi. Suka yi ta yi a gindin wata bishiya har rana ta yi sanyi, Mamana ta kafa ido a ƙugun yarinyar, daidai inda hannu ke sakin ƙwallo.

Asabar ta biyu bayan nan kociya ta mai da ita wurinta ana gab da tashi. Ta sa hula ta tsuguna. Jifan farko ya zo sama, ya daki ragar hularta ya gangara gefe, wata daga abokan karawa ta ruga ta ci maki. Na yunƙura zan miƙe, uwarta ta dafa mini gwiwa, na koma na zauna. Na san in ta cire hular nan yau, ba za ta sake sa ta ba. Ta tashi ta ɗauko ƙwallon, ta taka har wurin mai jifa, ta ce mata wani abu, ta dawo ta tsuguna. Na biyun ya fi na farko gudu. Ya shige safar hannunta ya zauna, ƙararsa ta kai har inda muke. Haka na uku, haka na huɗu.

Ba su ci wasan ba. A mota na tambaye ta me ta gaya wa yarinyar.

"Na ce mata in ta sake tausaya mini, mun ɓata."

Tana baya, ta rungume hular a cinya.

"Baba," in ji ta, "wanda ya buge ni ɗin nan, na gan shi har ya iso. Na ga ɗinkin jikinsa yana juyawa. Jan zare ne."

Sai na ce ta ɗaura bel.