Mai Kwalabe, Wadda Ta Auna Ruwan Rijiyata

Kowace Litinin da Alhamis, kafin yara su gama shiga aji, wata tsohuwar motar ma'aikatar ruwa takan tsaya a ƙarshen layinmu, mace guda ta sauko riƙe da shuɗin akwatin roba. Famfon da ke jikin katangar makaranta shi ne na ƙarshe a bututun da ya biyo ta unguwarmu, shi ya sa nan take farawa. Takan buɗe shi, ta dubi agogon hannunta, ta bar ruwa ya yi ta zuba minti biyu cur. Ta ɗauraye kwalba sau uku, ta cika, ta toshe, ta rubuta layi da lokaci a jiki. Daga nan sai famfon asibiti, sai na kasuwa, sai na tasha. Kafin rana ta take tana ɗakin aikinta, wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya a bayan manyan tankuna, fanka tana ƙara a kanta, ita kuma tana ɗiga magani a kwalabe tana karanta abin da na'ura ta nuna. Shekara talatin da ɗaya tana haka. Mai Kwalabe muke ce mata, yara da manya, kuma a ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ni tsohon kafinta ne, shagona yana kallon famfon nan. Ba na yabon mutum don ya yi aikin da aka ɗauke shi ya yi. Ita ma shekara da shekaru faɗa kawai nake yi mata.

"Malama, ruwan nan da kike zubarwa ai ya isa wanke kwanukan gida guda."

"Baba, wanda ya kwana a bututu ba shi nake nema ba," in ji ta. "Wanda zai shiga cikin jikokinka nake nema."

Shekara goma sha huɗu da suka wuce magana ta tashi a rediyo da wayoyin yara, cewa ana zuba wani sinadari a ruwan famfo, fuloraid sunansa, wai don kada haƙoran yara su yi kogo. Wasu suka ce guba ne, yana taɓa ƙashi, yana taɓa ƙwaƙwalwa. Wasu suka ce ɗan kaɗan ne, ba ya komai sai amfani. Ni ban tsaya sauraron ɓangare na biyu ba. Na ce abin da ban roƙa ba, ba wanda zai zuba mini shi a kofi da furfurata. Na tara maƙwabta, gida bakwai, muka haɗa hannu aka haƙa rijiyar burtsatse a bayan gidana. Na haɗa akwatin katako mai kyau, na kifa a kan famfon tsakar gida, na buga masa ƙusa takwas. Sannan na kafa doka: duk ruwan da yara za su sha, matar ɗana ta dafa shi, ba tafasa ɗaya ba, ya yi ta ɓararraka har sai ya ragu a tukunya. A sanina babu mugun abin da yake jure wuta.

Lokacin jikata ta fari, wadda muke kira Yaya, ba ta daɗe da yaye ba. Shekara biyar tana shan ruwan nan. Da ta yi famfara sababbin haƙora suka fito, sai ga su da dabbare-dabbare fari kamar alli, kafin a jima suka koma ruwan ƙasa. Uwarta ta goga da buroshi, ta goga da gawayi, ko gezau. Ni kuwa nan take na yanke hukunci: ruwan famfon da uwar ta sha tana da ciki ne.

Abin da na yi ran wata Alhamis har yau ina jin kunyarsa. Na kama hannun yarinyar na ja ta gaban famfo, mata sun yi layi da bokitai, na ce, "Buɗe baki ta ga aikinsu!"

Mai Kwalabe ta ajiye kwalbar hannunta, ta durƙusa ta yadda jikinta ya kare yarinyar daga idon mutane. Ta duba, ta ce, "Rufe bakinki, 'yata, na gani." Sannan ta ɗago.

"Baba, ruwan ina take sha?"

"Na rijiyata. Dafaffe kuma."

"Tana da ƙanne?"

"Akwai Auta. Shekararta ɗaya da 'yan watanni."

Na ga fuskarta ta canza. Ta rage murya ta ce, "Baba, haƙoran girman Auta yanzu suke ginuwa a cikin dasashi. Abin da ta sha a 'yan shekarun nan, shi za ta riƙa nuna wa mutane har tsufanta. Na Yaya ya riga ya faru. Na Auta bai faru ba tukuna."

Na ce to ai shi ya sa na raba su da gubarku.

Ba ta yi musu da ni ba. A nan ne na fara ganin irin aikinta. Ta buɗe akwati ta miƙo mini kwalabe uku, babu komai a ciki, babu rubutu a jiki. Ta ce in cika ɗaya a famfo, ɗaya a rijiya, ɗaya a tukunyar da aka dafa. In cika da hannuna, in yi musu alamar da ni kaɗai na sani, kada in faɗa mata wanne ne wanne. In kuma zo da shaida wanda na yarda da shi.

"Don kada ka ce na yi maka wayo," in ji ta.

"Da ma zan ce."

"Na sani, Baba. Shi ya sa."

Na yi alama da fensirin aikina: zane ɗaya, zane biyu, zane uku. Na tafi ɗakin aikinta da maƙwabcina mai walda, wanda da shi muka fi kowa zaƙewa a kan rijiyar. Ta zaunar da mu a benci, ta ɗibi ruwa daga kowace kwalba ta zuba a 'yan ƙananan gilasai, ta ɗiga wani jan magani. Mai zane ɗaya ya tsaya ja. Mai zane biyu ya koɗe. Mai zane uku ya fi shi koɗewa. Ni na san mai zane ɗaya shi ne na famfo, sai na miƙe tsaye ina tafa hannu.

"Ga shi nan! Ja wur kamar jini! Nawa kuwa kalle su, fes!"

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce maganin ne ja, shi kuma fuloraid cinye jan yake yi, gwargwadon yawansa gwargwadon koɗewar. Na ce ƙarya ne. Ta ɗauko wata kwalba daga kan kantar ɗakin, mai rubutun sinadarin a jiki, ta ba mai walda ta ce ya karanta, sannan ya ɗiga da hannunsa a cikin jan gilashin. Ya ɗiga. Muna kallo jan ya janye.

Na koma na zauna. Biyun nan nawa sai da ta sirka su da ruwan da ba komai a cikinsa kafin na'urar ta iya karantawa, don sun wuce iyakarta. Na famfo bai kai ɗaya ba a ma'auninsu. Na rijiya ya haura huɗu. Na tukunya ya haura biyar.

"Ya za a yi dafaffen ya fi?" na tambaya.

"Wuta ƙwayoyin cuta take kashewa, Baba. Wannan ba mai rai ba ne, daga dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa yake narkowa. Ruwa ya tashi tururi ya tafi, shi ya zauna a tukunya. Kamar gishiri ne in miya ta ƙone."

Mai walda ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Kafinta, wato cokali ɗaya muka ƙi, muka je muka haƙo buhu da hannunmu."

Ban yi dariya ba. Shekara biyar ina tsaye a kan matar ɗana tana hura wuta, tana ƙara wa 'yarta abin da nake gudu. Na ce da Mai Kwalabe, to ke nan masu cewa guba ne maƙaryata ne? Amsar da ta ba ni ita ta sa na ɗauki biro yau.

"Ban ce ba. Da yawa yana cuta, ka gani a bakin jikarka. Kaɗan yana kare haƙori, haka aka koya mana. Ko ya kamata a zuba wa kowa a famfo, ko a bar kowa da man goge bakinsa, masana har yau suna ja-in-ja, wasu garuruwa suna zubawa, wasu sun daina. Wanda ya tambaya bai yi laifi ba. Amma ba ni zan yanke ba. Nawa in auna, in faɗi abin da na gani, ya yi wa mutum daɗi ko bai yi ba."

Tana da ikon ta sa a zo a rufe rijiyar da kwaɗo a gaban kowa, bayan abin da na yi mata a bainar jama'a. Sai ta ce, "Kai ka tara su aka haƙa, Baba, bakinka za su fi ji. Na ba ka zuwa Litinin. Ruwan ya yi wanki da ban ruwan shuka, sha da girki ne a'a. Amma Auta kam daga yau."

Da la'asar na ɗauki guduma na zare ƙusa takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Matata tana zaune a bakin ƙofa tana kallo, ta ce, "A hankali dai, Malam, kada ka fasa. Akwatin ya yi kyau da ajiye albasa." Washegari na bi gida bakwai ƙofa ƙofa na ce na yi kuskure. Biyu suka ce an saye ni. Mai Kwalabe ta aika musu da kwalabe uku uku su ma.

Malama, ke ce kika san cewa tsoho mai taurin kai ba a cin sa da baki, sai a sa abu a hannunsa. Ke ce aka ci wa fuska a gaban mata, kika fara da rufe bakin yarinya kafin ki kare kanki. Mace mai awo ɗaya ga kowa. Na faɗi haka ne don maigadin ma'aikatarku ya shaida mini abin da ya gani bayan shekara uku da wannan, ranar da injin da ke zuba sinadarin ya lalace ya fara wuce kima. Kika kashe shi da hannunki, kika ce a sanar da unguwanni kada a sha sai an wanke tanki. Shugabanku ya ce a yi shiru a gyara, kada masu surutu su samu abin faɗa. Kika ce ba za ki sa hannu a takardar da ba abin da na'ura ta nuna ba ne. Maigadi ya ce daga bakin ƙofa yana jiyo muryar shugaban, taki ba ya ji, amma kafin azahar mota ta fita da lasifika. Da kin kasance mai kare ma'aikata ce kawai, da kin yi shiru ranar. Da mai neman suna ce, da mun ji labarin daga bakinki. Daga maigadi na ji.

Mu kuma muka zauna jiran haƙoran Auta. Ba wanda zai iya leƙa cikin dasashi ya ga abin da ke can. Shekara biyar, duk Litinin da Alhamis, kafin ta buɗe famfo sai ta ɗago hannu ta ce, "Baba, ya Auta?" In ce, "Tukuna." Daga ranar da haƙorin gaba ya faɗi, sati uku ina kiran yarinyar tana buɗe mini baki a hasken ƙofa, har ta fara gudu in ta hango ni. Da sabon ya huda ya fito, fari ne. Akwai ɗan ɗigo kamar ƙwayar gishiri a gefe, sai an ƙura ido, ladan watannin da ta sha kafin mu farga. Sauran da suka biyo baya ko shi babu. Na kai ta wurin Mai Kwalabe, wannan karon bayan mota muka koma. Ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta juya tana gyara kwalaben da ba su buƙatar gyara.

Yaya shekararta goma sha shida yanzu. Mai Kwalabe ta haɗa mu da likitan haƙori, an rage duhun, bai tafi duka ba. In abin dariya ya kama ta, hannunta yakan riga dariyar isa baki. Wannan laifina ne, na nemi gafararta, ta ce ta yafe.

Malama, na gode. Allah ya saka, ya ba ki hutu da lafiya, ya sa wanda zai gaje ki ya gaji halinki ba kujerarki kaɗai ba. Ku kuma ma'aikata, a kowace ma'aikata kuke, ku dubi matar nan: ba ta raina mai tambaya ba, ba ta kuma ji tsoron na sama da ita ba. Masu cewa a zuba da masu cewa kada a zuba, ku ci gaba da muhawararku, haƙƙinku ne, ni ma har yau ban gama yanke nawa ba. Amma kada mai gida ya hana wani ruwa ya halatta wani don abin da ya ji a bakin hanya.

Na so in cire maganar Yaya daga rubutun nan, don budurwa ce, kada in sake tona ta a gaban mutane. Na karanta mata, na ce in ba ta so zan yaga shafin. Sai ta ce, "Kaka, bar shi. Ai ba mu kaɗai ke da rijiya ba."

To na bar shi. Wanda yake da rijiya kuma yake da ƙaramin yaro a gida, ya kai ruwansa a auna a satin nan.